Barkwancin Tsaye a Ƙasar Sikotlan: Rayuwa da Salon Billy Connolly

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a ta baka wadda masu ita suke ci da sha da sutura daga ba mutane dariya. Mutum ɗaya tak ke hawa dandamali, ba makaɗi, ba 'yan amshi, ba abokin wasa, sai makirfo kurum. Yakan tsaya gaban jama'ar da suka biya kuɗin shiga, ya yi ta zuba magana har awa ɗaya ko biyu. In an yi dariya ya ci nasara. In kuwa aka yi tsit to ya faɗi, kuma nan take zai san ya faɗi, ba sai wani ya gaya masa ba. Da yake a tsaye ake yin abin, sai Turawa suka laƙaba masa suna mai ma'anar barkwancin tsaye, kuma da wannan suna za a riƙa kiransa a cikin wannan maƙala.

Ɗalibin adabin baka ba zai ga baƙon abu sosai a nan ba, domin ya san 'yan kama, waɗanda kan ɗauki waƙar wani shahararren mawaƙi ko salon karatun malami su juya shi ya koma zancen tuwo da miya. Sai dai ɗan kama shi ke bin jama'a kasuwa ko gidan biki, a yi masa kyauta bayan ya burge. Mai barkwancin tsaye kuwa jama'a ke zuwa wurinsa, sun riga sun biya, suna jiran a biya su da dariya.

Wanda za a duba rayuwarsa a nan shi ne Billy Connolly, mutumin birnin Gilasgo, wanda ya yi shekara kusan hamsin a kan dandamali. Abin da ya sa ya cancanci nazari a sashen harshe shi ne, ya ɗauki karin harshen leburori, wanda ake ganin bai dace da bakin mai ilmi ba, ya hau da shi manyan dandamalan duniya ba tare da ya wanke shi ko ya yi masa kwaskwarima ba.

Ƙasar da karin harshenta

Sikotlan ita ce yankin arewa na tsibirin Birtaniya. Tun 1707 aka haɗe majalisarta da ta Ingila, mulki ya koma Landan, kuma tare da mulkin sai martabar harshe ta bi. Ban da Ingilishi, ƙasar tana da harshen Gelik, wanda ya fi ƙarfi a tsaunuka da tsibiran yamma, tana kuma da harshen Sikots, ɗan'uwan Ingilishi na jini, wanda talakawan kudu da gabas ke yi. Maganar mutanen Gilasgo gauraye ce ta Sikots da Ingilishi, da ɓirɓishin maganar mutanen Ailan da suka kwararo birnin, musamman bayan yunwar da ta auka wa ƙasarsu a shekarun 1840. Magana ce mai sauri, mai haɗiye baƙaƙe, mai yawan shaguɓe. Yaron da ya yi ta a aji malami kan gyara masa, kuma shekaru da dama ba a cika jin ta a rediyo ba sai in ana son a nuna mashayi ko ɗan tauri.

Wannan ba ya nufin Sikotlan ba ta da masu ban dariya kafin Connolly. Harry Lauder, wanda ya rayu daga 1870 zuwa 1950, ya zagaya duniya sanye da zanen nan mai ratsi-ratsi da mazan tsaunuka ke ɗaurawa, riƙe da karkatacciyar sanda, yana waƙa yana raha. Ya sami dukiya da suna, har Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir a 1919. To amma hoton da ya sayar wa duniya shi ne na Basikote mai rowa, mai fara'a, ɗan ƙauye mai kyan kallo. Leburan da ke kwana shi da iyalinsa duka a ɗaki ɗaya cikin hayaƙin Gilasgo ba ya ganin kansa a wannan madubi. Akwai kuma Chic Murray, mai wani irin barkwanci na wasa da kalmomi, wanda Connolly ya sha ambata a matsayin wanda ya fara burge shi. Su mutanen Gilasgo kuwa sun yi suna wajen wuyar burgewa. Gidan wasan Empire da ke birnin, wanda aka rufe a 1963, an san shi da kunyata masu barkwancin da suka zo daga Ingila, har ake yi masa kirari da maƙabartarsu.

Yarinta

An haifi Billy Connolly ranar 24 ga Nuwamba, 1942, a unguwar Anderston, cikin irin dogayen gidajen hayar nan masu benaye inda iyalai da yawa kan yi tarayya a makewayi ɗaya. Danginsa na wajen uba 'yan Katolika ne masu asali da Ailan, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Gilasgo ta wancan zamani, inda ɗariƙar mutum kan nuna makarantar da zai shiga, da ƙungiyar ƙwallon da zai bi, wani lokaci har da aikin da zai samu. Mahaifinsa yana can Bama tare da mayaƙan sama na Birtaniya, mahaifiyarsa ta fita ta bar shi da yayarsa, shi yana ɗan shekara huɗu. Gwaggwanninsa biyu suka ɗauke su zuwa unguwar Partick.

Rainon bai yi daɗi ba. Ɗaya daga cikin gwaggwannin ta riƙa dukansa tana wulaƙanta shi, makaranta kuma bulala ce. Abin da ya fi wannan muni bai fito fili ba sai a 2001, sa'ad da matarsa Pamela Stephenson, wadda ta karanci ilmin halayyar ɗan Adam, ta wallafa tarihin rayuwarsa. A nan ne duniya ta ji cewa mahaifinsa ya yi lalata da shi tun yana ɗan shekara 10 har ya kai 15. Wanda ya san wannan, in ya koma ya saurari faya-fayan Connolly na farko, zai ji su da wani kunne dabam. Duk labaran yarintar nan da ya sa dubban mutane suka yi ta ƙyaƙyatawa a kansu, na malaman makaranta masu zafin hannu da gwaggo mai faɗa da wankan teku cikin sanyi, an tsamo su ne daga rijiya mai ɗaci. Yakan ɗebo na sama-sama ya ba jama'a, na ƙasan kuwa ya bar shi shekara da shekaru.

Makarantar da ba ta da allo

Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15. Ya yi aikin kai littattafai, ya yi na rarraba burodi, sa'an nan ya shiga koyon walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Alexander Stephen and Sons da ke Linthouse a bakin kogin Clyde. Shekara biyar ya yi yana koyo. Kogin Clyde kuwa shi ne cibiyar arzikin Gilasgo. A farkon ƙarni na 20 kusan kashi ɗaya cikin biyar na jiragen ruwan duniya a bakinsa ake ƙera su, ko da yake lokacin da Connolly ya shiga kasuwar ta fara ja da baya.

A nan ya kamata a dakata, domin nan ne asalin salonsa. Ma'aikatar wuri ne na maza zalla, dubbai, cikin ƙarar guduma da sanyi da haɗari. Idan aka tashi shan shayi sai a kewaye wuta, kuma a kowane gungu akwai wani dattijo da aka sallama wa iya zance. Ba almara yake kawowa ba. Labarin jiya da daddare ne, ko na shugaban leburori, ko na surukarsa, amma ya san inda zai ja, da inda zai yi shiru, da muryar da zai ara wa kowane mutum a cikin labarin. Ashar kuwa kamar gishiri take a miyar. Wanda ya kawo zance mara armashi tun bai kai ƙarshe ba za a yi masa ca. Connolly ya sha faɗa cewa waɗannan mutane su ne malamansa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fi shi ban dariya. Wato dai abin da masu nazari ke kira adabin baka, da mai bayarwa da masu karɓa da lokacin yi da hukuncin nan take, shi ne ya tarar yana gudana a tsakiyar masana'antar ƙarfe, inda ba wanda zai ce a je neman adabi.

Bayan ya gama koyo, a tsakiyar shekarun 1960, ya sami aikin mako goma a gabashin Nijeriya, wajen haɗa dandamalin haƙar mai, gabanin yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967. Da ya koma gida bai daɗe da walda ba. Ya riga ya sayi banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ƙoƙo rufe da fata, wanda masana ke danganta asalinsa da kayan kiɗan da bayi suka tafi da iliminsu Amurka daga Afirka ta Yamma. Zuciyarsa ta koma can. Kamar yadda yake ba da labari, wani tsohon mai walda ne ya ce masa in zai tafi ya tafi yanzu, kada ya tsufa a ma'aikata yana cizon yatsa.

Daga tsirkiya zuwa harshe

A shekarun 1960 an yi wani yayi a Birtaniya na farfaɗo da waƙoƙin gargajiya. Matasa kan taru a ƙananan ɗakuna bayan mashaya, mawaƙi ya zauna kusa da su ya yi waƙa. Al'adar wurin ita ce kafin kowace waƙa mawaƙi ya ɗan yi bayanin inda ta fito. Connolly ya kafa ƙungiya mai suna Humblebums shi da Tam Harvey, daga baya Gerry Rafferty ya shigo, wanda ya zo ya yi suna a duniya da waƙarsa ta Baker Street a 1978. Rafferty mawaƙi ne na haƙiƙa, mai ɗaukar waƙa da nauyi. Connolly kuwa bayaninsa na gaban waƙa sai ƙara tsawo yake yi, jama'a na dariya, har ta kai gabatarwar ta fi waƙar tsawo. Tafiyar ba ta yiwu ba, suka rabu a 1971. Nat Joseph, mai kamfanin faifai na Transatlantic, shi ya ba shi shawara ya daina ɗaukar kansa mawaƙi mai ban dariya, ya zama mai ban dariya da kan taɓa waƙa.

Wannan hanya da ya biyo ita ta bambanta shi da sauran. Mai barkwanci na Birtaniya a lokacin yakan sa kwat da laƙataye, ya jero gajerun labaran da kowa ke iya saye ko ara, na suruka da na mutumin Ailan wawa, kowane da ɗan ƙulli a ƙarshe. Connolly ya fito da dogon gashi da gemu da tufafi masu launi barkatai, ba ya jero komai, hira kawai yake yi.

Shekarar 1971 ita ce kuma shekarar da kamfanin Upper Clyde Shipbuilders, wanda ya haɗiye tsohuwar ma'aikatarsu, ya durƙushe, gwamnati ta ƙi tallafa masa. Maimakon yajin aiki, leburori a ƙarƙashin jagorancin su Jimmy Reid suka ƙi fita, suka ci gaba da aiki da kansu. A 1972 Connolly da marubuci Tom Buchan suka shirya wasan kwaikwayo mai waƙoƙi, The Great Northern Welly Boot Show, inda suka mai da ma'aikatar jiragen ta zama ta takalman roba. An nuna shi a bikin wasanni na Edinbara, ya karɓu. Faifansa na Solo Concert, wanda aka ɗauka a wani otal a garin Airdrie ya fito a 1974, shi ya mai da shi gwarzo a Sikotlan. Laƙabinsa na gida, Big Yin, wato Babban a karin Gilasgo, wanda aka sa masa tun yana saurayi don a bambanta shi da mahaifinsa, ya zama sunan da ƙasa duka ta san shi da shi.

Shekarar 1975

Har zuwa wannan lokaci Ingila ba ta san shi sosai ba, kuma masu harkar suna ganin ba za a fahimci maganarsa a kudu ba. A 1975 Michael Parkinson ya gayyace shi shirinsa na hira a talabijin na BBC. An ce manajansa ya roƙe shi kada ya ba da wani labari da ya ji a wurin wani mutumin Gilasgo. Ya ba da shi. Labarin na wani ne da ya kashe matarsa ya binne ta a bayan gida, amma ya bar mazaunanta a waje, da abokinsa ya tambaye shi dalili sai ya ce yana bukatar wurin jingina kekensa. In aka rubuta shi haka a takarda, labari ne mara daɗi, kuma mai cewa akwai rashin tausayin mata a cikinsa bai yi ƙarya ba. Abin da ya kama mutane a daren nan shi ne mai ba da labarin: yadda ya fara dariya tun bai kai ƙarshe ba, da yadda ya yi magana a gidan talabijin na Landan da muryar da zai yi ta a bakin Clyde, bai rage komai ba. Kashegari ya wayi gari sananne a Birtaniya duka. Sau 15 ya bayyana a shirin Parkinson, fiye da kowane baƙo.

A watan Nuwamba na shekarar, waƙarsa ta D.I.V.O.R.C.E. ta zo ta ɗaya a cinikin faifai a Birtaniya. Juyi ne ya yi wa wata waƙar baƙin ciki ta Tammy Wynette ta Amurka a kan mutuwar aure, ya bar karin yadda yake, ya cusa kare a tsakiyar rigimar. A nan kam shi da ɗan kama sana'arsu ɗaya.

A shekarar dai ya tafi Ailan. Lokacin ana tsakiyar rikicin Ailan ta Arewa tsakanin masu son zama da Birtaniya, galibinsu Furotesta, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, galibinsu Katolika. A ƙarshen Yuli 'yan bindiga suka tare motar makaɗan Miami Showband suka kashe uku daga cikinsu, masu wasa da yawa suka daina zuwa Belfast. Connolly, ɗan Katolika, ya je bayan 'yan watanni, ya hau dandamali da wasu manyan takalma da aka ɗinka masa da siffar ayaba. An ɗauki tafiyar a fim mai suna Big Banana Feet, takalman kuma daga baya suka shiga cikin kayan tarihi na birnin Gilasgo.

Zubi da salo

Babban abin lura a aikin Connolly shi ne ba ya rubutawa. Abin da yakan riƙe bai wuce 'yar takarda mai ɗauke da kalmomi kaɗan na tuni ba, kuma yakan yi fiye da awa biyu yana magana. Saboda haka labari ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya a dare biyu. Yana girma, yana sake kama, wani reshe ya bushe wani ya tsiro, gwargwadon yadda jama'ar daren suka karɓa.

Makaminsa na farko shi ne ratse. Zai fara labarin wani abu da ya same shi a jirgin sama, kafin ya kai tsakiya wata kalma ta tuna masa da makarantarsu, daga can ya faɗa zancen yadda mata ke shirin fita, har mai sauraro ya sakankance an manta da jirgin. Bayan rabin awa sai ya waiwayo ya ɗauko zaren daidai inda ya ajiye shi. Dariyar da ke tashi a lokacin iri biyu ce a haɗe, ta labarin da ta mamakin cewa bai ɓata ba. A rubutaccen zube irin wannan ratse aibi ne, malami zai ja masa jan layi. A baka kuwa shi ne ke sa mutum dubu uku su ji kamar hira ake yi da su a zaure.

Na biyu shi ne jiki. Yana zagaya dandamali, yana kwaikwayon tafiyar mashayi da ke ƙoƙarin nuna bai bugu ba, yana sake murya daga ta malamar makaranta zuwa ta ɗan tasha. Na uku shi ne dariyarsa shi kansa. Ƙa'idar tsofaffin masu sana'ar ita ce kada mai barkwanci ya yi wa maganarsa dariya. Shi kuwa yakan tuntsire har ya dafa gwiwa, kamar yanzu ya fara jin abin, kuma sau da yawa hakan ne, tun da yanzu ya ƙago shi.

Jigoginsa ba manya ba ne a ido. Abubuwan da kowa ke yi amma ba a faɗa ne: makewayi, tusa, amai, tsufa, kunyar gaban likita, tsoron limamin coci. Batsa da ashar suna da yawa a bakinsa, kuma ba za a ce duka suna da amfani ba. Akwai wuraren da ashar ɗin ke ɗauke da kiɗan jimla, in an cire ta maganar ta rushe, akwai kuma inda cike gurbi kawai take yi. Amma abin da ya fi ƙarfi a aikinsa shi ne, yawanci shi ne abin dariyar, ko kuwa mutanensa, kuma yana yi ne irin na ɗan gida. Talakan Gilasgo ya ji ana ba da labarinsa da harshensa, ba don a raina shi ba.

Inda wasa ke tsayawa

Mai wannan sana'a kullum yana taka iyaka, kuma baki shi ke yanka wuya. A faifan 1974 akwai wani dogon labari inda ya ɗauko kwanakin ƙarshe na Annabi Isa kamar yadda Kiristoci ke ba da su, ya ce wai kuskuren ɗab'i ne ya sa aka rubuta Galili, a unguwar Gallowgate ta Gilasgo abin ya faru, ya mai da almajiran 'yan mashaya masu karin Gilasgo. Matasa sun haddace shi, masu addini da yawa kuwa ransu ya ɓaci ƙwarai. Wani fasto mai suna Jack Glass ya yi shekaru yana bin sa da zanga-zanga a ƙofar gidajen wasa. Masu kare Connolly sun ce ba addinin yake zagi ba, tsoron da aka cusa masa yana yaro yake ramawa. Wanda abin ya taɓa imaninsa wannan bayani bai isa ya sanyaya masa rai ba, kuma Connolly da kansa ya daina yin labarin daga baya.

A 2004 ya sake taka wata iyakar a Landan, inda ya yi raha a kan wani injiniya ɗan Birtaniya da aka yi garkuwa da shi a Iraƙi, mutumin yana hannu, iyalinsa suna jiran labari. Wasu daga cikin 'yan kallo suka yi masa ihu, jaridu suka yi masa rubdugu, ba a daɗe ba kuma aka kashe mutumin. Connolly ya ce an juya maganarsa. Ko ma yaya ne, a nan an ga raunin salon da ba a rubutawa: abin da ya zo baki shi ke fita, babu wani mataki tsakanin tunani da furuci inda za a tace.

Akwai kuma ƙorafin 'yan gida. Da ya yi arziki ya koma Landan, daga baya Amurka, ya yi abota da 'ya'yan gidan sarautar Ingila, sai wasu jaridun Sikotlan suka riƙa yi masa gorin cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi. Tambayar da ke ƙarƙashin gorin mai nauyi ce: wanda jarinsa shi ne rayuwar leburori, da me zai yi magana bayan ya shekara ashirin bai taɓa ƙarfe ba? Connolly bai yi kamar har yanzu shi lebura ne ba. Ya koma ba da labarin mutumin Gilasgo da ya tsinci kansa a cikin manya yana kallon abin mamaki, muryar dai ita ce.

Amurka ta ba shi wuya da fari. A 1976 ya bi Elton John yana buɗe masa wasa, jama'ar da suka zo jin kiɗa ba su saurare shi ba. Sai a 1990, bayan wani shiri da ya yi da Whoopi Goldberg, ƙofar ta buɗe, ya sami matsayi a wasan talabijin na Head of the Class. Kafin nan ya daina shan giya a ƙarshen 1985, bayan ta kusa halaka shi, ya kuma auri Pamela Stephenson a 1989. Ya yi fina-finai da dama, wanda ya fi fice shi ne Mrs Brown na 1997, inda ya fito a matsayin John Brown, baran Sarauniya Victoria, tare da Judi Dench. Shirye-shiryensa na tafiye-tafiye, waɗanda suka fara da zagayen Sikotlan a 1994, sun kai shi gidajen waɗanda ba za su taɓa zuwa jin ashar ɗinsa ba. A 2007 da 2010 masu kallon tashar Channel 4 suka zaɓe shi na ɗaya a cikin masu barkwancin tsaye ɗari.

Ciwo

A 2013 aka sanar cewa an yi masa aikin sankara a ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma an gano yana da cutar Parkinson. Sunan cutar ba shi da dangantaka da mai shirin talabijin da ya fito da shi. Na wani likita ne, James Parkinson, wanda ya bayyana ta a 1817, ko da yake Connolly bai bar wannan dacewar suna ta wuce ba tare da ya yi raha da ita ba. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa mai kawo karkarwa da sanƙarewar gaɓoɓi da nauyin motsi, tana kuma iya taɓa murya da saurin tunani. An yi nasarar aikin sankarar. Ita kuwa ɗayar ba ta da magani sai na lallashi.

Ga marubuci, irin wannan ciwo ba lalle ya raba shi da aikinsa ba, yana iya yin shifta a rubuta masa. Connolly kuwa duk kayan aikinsa a jikinsa suke: ƙafar da ke zagaya dandamali, fuskar da ke sake kama, da ƙwaƙwalwar da ke riƙe zare huɗu a lokaci ɗaya ta san inda ta ajiye kowanne. Ya ci gaba da wasa har 2017. A zagayensa na ƙarshe yana tsaye ne kusan wuri ɗaya, hannun hagu na rawa, kuma tun da fari yakan nuna wa jama'a hannun ya yi ba'a da shi don kada su shagala da kallonsa. A 2018 ya ba da sanarwar ya bar dandamali, ya kuma tabbatar da haka a 2020.

A 2017 aka ba shi lambar Sir, irin wadda aka ba Harry Lauder shekara 98 kafin nan, birnin Gilasgo kuma ya sa aka zana manyan hotunansa uku a bangayen gidaje don cikarsa shekara 75. A 2019 aka fitar da littafi mai suna Tall Tales and Wee Stories, wanda ya tattara shahararrun labaransa da aka kwafo daga faya-fayai. Littafin ya yi kasuwa, amma wanda ya karanta shi bai taɓa jin mutumin ba zai yi mamakin abin da ya sa ake ta yabo. Kalmomin suna nan, shirun da ke tsakaninsu da karin Gilasgo da dariyar mai maganar ba su hau takarda ba. Matsala ce da duk wanda ya taɓa juyar tatsuniya ko waƙar baka daga kaset zuwa rubutu ya sani.

Tun 2007 ya fara zane da alƙalami, a wani ɗakin otal a Montreal ta Kanada ranar da ruwan sama ya hana shi fita, kuma bayan ya bar dandamali zanen ya zama babban aikinsa. A 2022 hukumar fina-finai da talabijin ta Birtaniya, BAFTA, ta ba shi lambarta mafi girma. Bai sami zuwa Landan ba, sai jawabinsa aka ɗauko daga gidansa a Florida aka nuna wa taron.